Yaƙin Maldon a kan tebur: inda aikin ya kai

11 ga Janairu, 2025

Maldon zan gina, ba Hastings ba. A nan Ingila, duk wanda ya shiga harkar sojojin tebur, da ya waiwayi zamanin mashi da garkuwa, Hastings ta 1066 yake fara hangowa, don akwai dawakai, akwai sarkin da ya faɗi a fagen fama, akwai mulkin da ya canja hannu. To, an buga ta har ta gaji. Maldon ƙaramin yaƙi ne, tebur mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa huɗu ya ishe shi, kuma a tsakiyarsa akwai wata tambaya da masana ba su daina ja-in-ja a kanta ba har gobe.

Ga wanda bai san harkar ba: sojoji ne na roba ko na ƙarfe, tsayin kowanne milimita 28. Kai za ka harhaɗa su da gam, ka yi musu fenti, ka gina filin da za su gwabza a kai. Ana auna tafiyarsu da tef, 'ya'yan ludo kuma su ke yanke wanda ya sari wani. Asalin abin ba na yara ba ne. Tun 1824 hafsoshin Prussia, wata tsohuwar daula ta Jamus, suka fara koyon yaƙi da irinsa, a kan taswira.

Labarin a taƙaice. A watan Agusta na 991, zamanin Sarki Ethelred na Ingila, jiragen Viking, maharan teku daga ƙasashen arewacin Turai, suka washe garin Ipswich, suka gangaro bakin kogin Blackwater a yankin Essex. Hakimin Essex, Byrhtnoth, dattijo ne da ke riƙe da sarautar tun 956. Ya tare su da mutanensa kusa da garin Maldon. Su suna kan tsibiri, shi yana gaɓa, tsakaninsu mashigi guda ɗaya tak, wanda teku ke rufewa in ta cika. Da ruwa ya janye, mutum uku suka tsare mashigin, ba ɗan Viking ɗin da ya iya wucewa. Sai maharan suka nemi a bar su su ƙetaro a yi ta a fili. Byrhtnoth ya yarda. Aka kashe shi, aka ci mutanensa da yaƙi, kafin shekarar ta fita Ingila ta biya fam 10,000 na azurfa don a ƙyale ta.

Wauta ce, ko kuwa ba shi da mafita? Abin da nake so in ɗora a kan tebur ke nan.

Yawancin abin da aka sani ya fito ne daga wata waƙa ta tsohon Turanci mai layi 325, ba farko ba ƙarshe. Takardar asalin ta ƙone a wata gobara a Landan a 1731. Allah ya sa wani ya riga ya kwafe ta 'yan shekaru kafin nan.

25 ga Janairu

Kwalayen sojoji na kamfanin Gripping Beast sun iso, na Viking da na Saxon, wato mutanen Ingila na wancan zamani. Gangar jiki daban, kai daban, hannu da makami daban, duk suna maƙale a jikin firam na roba. Sai ka yanko da ƙaramar filaya, ka kankare tabon da wuƙa mai kaifi, sannan ka ɗiga gam. Ɗakin ya cika da wari, uwargida ta ce a buɗe taga ko a koma gareji. Na buɗe taga.

Lissafin adadi. Ɗaya daga cikin kwafin tarihin shekara-shekara na mutanen Anglo-Saxon ya ce jirage 93 ne, ya kuma ambaci wani Olaf, wanda ake ɗauka Olaf Tryggvason ne da ya zama sarkin Norway daga baya. Masana sun rabu a kan ko yana wurin ranar, don haka ban ba shugaban Viking ɗina suna ba. In kowane jirgi ya ɗauki mutum talatin zuwa arba'in, an doshi dubu uku ko ma an zarce. Na ce soja ɗaya a tebur ya tsaya a madadin mutum talatin. Runduna takwas, kowace sojoji goma sha biyu, ya ba ni 96. Na ba ɓangaren Byrhtnoth daidai da haka, tunda ba wanda ya rubuta yawansu.

Inda na daɗe ina tunani shi ne sulke. A waƙar, sulken da mashin Byrhtnoth ya fasa na ɗan Viking ne. Sannan a 1008, shekara 17 bayan Maldon, Ethelred ya ba da umarni kowane yankin ƙasa mai girman gonar gida takwas ya kawo kwalkwali ɗaya da sulke ɗaya. Sarkin da mutanensa ke da wadatar sulke ba ya kafa irin wannan doka. Saboda haka runduna biyu kawai na sa wa sulke a ɓangaren Ingila, wato yaran gidan hakimi. Sauran shidan 'yan gayya ne, riga da mashi da garkuwa, wasu da hula kawai. 'Yan Viking biyar cikin takwas na sa musu ƙarfe.

Kwalin Viking cike yake da manyan gatura na hannu biyu, kuma gaskiya suna da kyau a ido. Amma yaƙin da waƙar ta siffanta na mashi ne, a jefa, a soka, a zare a mayar wa mai shi. 'Yan kaɗan na bai wa gatari, sauran na adana su.

Ɗana ya leƙo ya ce, "Abba, ina ƙahonninsu?" Na nuna masa hoton kwalkwalin da aka tono a Gjermundbu a Norway a 1943: zagayayyen ƙarfe mai kariyar ido, ba ƙaho ko ɗaya. Masu ɗinkin kayan wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka yaɗa ƙahon. Bai gamsu ba, ya ce na ɓata su.

9 ga Fabrairu

Shafen farko. Fentin feshi ba ya son sanyi, in ka fesa a waje a irin wannan yanayi sai ya bushe da gari-gari a jikin roba, ya toshe zanen sulken. Da burushi nake yi a cikin ɗaki, ruwan toka. Aiki ne marar daɗi, ba abin da za a faɗa a kansa.

16 ga Maris

Azumi ya rage gudun aikin. Da rana hannu na rawa, sai bayan asham nake zama in yi soja biyu ko uku kafin barci ya ci ƙarfina.

Launuka uku ne ginshiƙin rinin wancan zamani a arewacin Turai: shuɗi daga ganyen da suke kira woad, ja daga saiwar madder, rawaya daga tsiron weld. In an haɗa shuɗi da rawaya a samu kore. Sinadarin shuɗin woad ɗaya ne da na baban da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata, sai dai nasu ya fi rauni, sai an yi ta tsomawa kafin ya yi duhu. Don haka shuɗi mai duhu da ja mai ƙarfi na manya ne a teburina. 'Yan gayya kuwa launin ulu da ba a rina ba, fari-fari, toka-toka, ruwan ƙasa. Wannan ya kuma warware mini wata matsala: daga nesa mai wasa zai gane yaran gida da 'yan gayya ba tare da ya sunkuya ba.

Garkuwa ita ce fuskar sojan wannan zamani. Zagayayya ce, ta katako, da cibiyar ƙarfe a tsakiya inda hannu ke kamawa ta baya. A jirgin Gokstad da aka tono a Norway a 1880 an samu garkuwoyi jere a gefunansa, 32 a kowane gefe, ɗaya rawaya ɗaya baƙa. Na kwaikwayi wannan a runduna guda ta Viking, kuma ita ce ta fi kowace kyau a jere.

Yadda nake yi: launin asali, sai ruwan fenti mai duhu da ke gangarawa cikin lunguna, sai a taɓa tudun riga da launi mai haske. Sulke kuwa baƙi ake fara shafawa, a goge burushi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a shafa azurfa sama-sama, zobban su fito ɗaya-ɗaya. Ba na zana ido. A milimita 28, soja mai ido kullum kamar a firgice yake.

Byrhtnoth na bari ƙarshe. Furfura fari fat, takobi mai ƙotar zinariya kamar yadda waƙar ta ce. A cocin garin Ely aka binne shi, kuma tarihin wurin ya ce ba kai aka kawo gawar, sai aka sa dunƙulen kaki a gurbinsa. Da aka buɗe kabarin a 1769 ba a samu ƙoƙon kai ba, waɗanda suka auna ƙasusuwan kuma suka ce tsayinsa ya kai ƙafa shida da inci tara. Ko da sun ƙara gishiri, dogo ne. Na liƙa masa ɗan kwali a ƙarƙashin ƙafa don ya ɗara kowa. Dokinsa daban na yi shi, da sirdi, ba kowa a kai. Zai yi aiki nan gaba.

19 ga Afrilu

Mun je Maldon. Jirgin ƙasa ya daina ɗaukar fasinja zuwa garin tun 1964, don haka bas muka shiga daga Chelmsford. A ƙarshen hanyar shaƙatawa ta bakin ruwa akwai mutum-mutumin Byrhtnoth na tagulla da aka kafa a 2006, takobi a sama, yana fuskantar kogi. Daga nan ka bi kan katangar tare ruwa da ƙafa har ka iso mashigin tsibirin Northey. Tun 1925 aka nuna nan a matsayin filin yaƙin, kuma mafi yawan masana sun karɓa, ko da yake ƙasa ba ta fitar da makaman da za su rufe bakin kowa ba. Tsibirin yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi.

Gani ya kori ji. Na zaci ruwan shuɗi ne. Ashe laka ce, toka-toka mai ƙyalli, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da 'yan ƙoramu suna ratsa ta, da warin gishiri da ruɓaɓɓen ganye. Wanda ya sauka daga mashigin da sulke a jikinsa, ba sai an ɓata mashi a kansa ba. Muna nan teku ta fara kawowa. Ba igiya ba ce mai ruri. Ruwan lallaɓowa yake yi ta ɓangarori biyu, ya zagayo tsibirin ta dama da ta hagu, su haɗu a kan mashigin. Waƙar ta faɗi haɗuwar nan ta ruwa biyu, kuma da ka tsaya a wurin ka san mai waƙar ko dai ya gani, ko ya ji daga wanda ya gani. Sau biyu a yini haka ke faruwa, tsakanin cika da cika awa goma sha biyu da 'yan mintoci.

Wani binciken ƙasa da aka yi a shekarun 1970 ya nuna cewa a 991 faɗin ruwan kusan yadi 120 ne, rabin na yanzu, kuma yawancin fadamar gishirin daga baya ta samu. Wannan ya yi daidai da labari, don a waƙar ɗan aiken Viking daga ƙetare ya ɗaga murya ya nemi a biya su, hakimi ya mayar masa da amsa, kibau kuma suna isa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba mashigin ba ne. Bayan tsibirin ne. Can kogin ya buɗe ya nufi teku, ba abin da ya tare shi. Mai tsaye a gaɓa da ƙafa ba shi da ta cewa a kan jirgin da ke can. In sun ga dama, da ruwa ya cika sai su kwance igiya, gobe a ji su a wani garin da ba shi da gayya a tsaye. Maldon kanta gari ne mai ganuwa tun 916, da maƙerar kuɗin sarki a ciki. Irin abin da suka zo nema ke nan, kuma ba ita kaɗai ce ke da shi ba a gaɓar.

4 ga Mayu

Filin ya tashi. Filawud a ƙasa, allon kumfa na masu gini a sama, na yanke gaɓa da tsibiri da wuƙar burodi. Lakar kuwa garin like bango ne aka kwaɓa da gam da fenti, na shafe ta da man ƙyalli don ta yi kamar jiƙaƙƙiya. Mashigin tsakuwar tankin kifi ce.

Cikar teku na yi ta da faifan roba garai-garai guda uku, an shafa musu kore mai toka ta ƙasa. A farkon wasa duka ukun suna kwance a kan mashigin. Kowane zagaye a ɗauke ɗaya, har tsakuwa ta bayyana. Bayan zagaye shida su fara dawowa. Agogon wasan ke nan.

Faɗin ruwa inci 12, kibiya na tafiya inci 15, mashigi santimita 6, daidai tsayuwar soja uku. A nan lissafi ya ɗan yi gardama, tunda sojana ɗaya mutum talatin ne, masu tsaron mashigin kuwa, Wulfstan da Aelfhere da Maccus, mutum uku ne ba casa'in ba. Na ɗora jarumai masu suna a kan zagayayyen gindi, sauran a kan mai kusurwa huɗu. Zagayayye mutum ɗaya ne. Ba wanda zai mutu don wannan.

A kusurwar baya ta ɓangaren Ingila na dasa kurmi. Can ne masu gudu suka nufa.

24 ga Mayu

Gwajin farko a kulob. Abokin karawata wani dattijo ne Bature, tsohon malamin makaranta, ya fi shekara arba'in a harkar. Ya ɗauki Viking, na ɗauki Byrhtnoth. Muka yi amfani da sharaɗin nasara irin na kowane wasa: wanda ya riƙe fili, ya kashe da yawa, shi ya ci.

A ƙarƙashin wannan sharaɗi ba yaƙi a Maldon. Na tsaya a bakin mashigi, ya turo mutane uku-uku, suna faɗuwa uku-uku. Ya nemi in bar shi ya ƙetaro, na yi dariya na ce a'a. Muka musanya, shi ma ya ce a'a. Ba mai hankalin da zai ce i. Can sai ya naɗe hannu ya ce, "To, ni na shiga jirgi. Sai wata rana." Ya fara kwashe sojojinsa yana zubawa a akwati.

Wannan kwashewar ita ce yaƙin. Hakimin da ya riƙe mashigi har maharan suka tafi bai rasa mutum ba, amma bai yi aikin da ya tara gayya dominsa ba. Manoma ne, kuma watan girbi ne, ba za su yi ta bin gaɓa da ƙafa suna farautar jirage ba. Ranar da ya samu maharan a wuri ɗaya, a gabansa, ƙila ita kaɗai ce zai samu. Muka rubuta sabuwar ƙa'ida nan take: in ruwa ya dawo, mai Viking yana iya tashi da jiragensa, a ja kati, katin ya faɗi irin ɓarnar da suka yi a gaba, a cire daga makin mai Ingila. Kiɗa ya canja, rawa ta canja. A bugu na gaba dattijon da kansa, yana riƙe da Byrhtnoth, ya ja da baya inci goma ya ce mini, "Bismillah," da irin lafazinsa, don ya ji ina faɗa.

Na dawo gida da murna cewa tebur ya wanke hakimi. Amma tebur bai wanke kowa ba. Mu muka rubuta nawa ake cirewa in jirage sun tafi. Sa shi da yawa, barin su ƙetaro ya zama hikima. Sa shi kaɗan, ya zama hauka. Duk abin da ka zuba a ƙa'ida shi 'ya'yan ludo za su mayar maka, sai dai su yi masa ado. Dattijon ma ya turo mini saƙo da dare yana tuna mini cewa mai waƙar, wanda ya fi mu kusa da abin da shekara dubu, ya ce girman kai ne ya sa hakimi ya ba su fili fiye da kima. Gaskiyarsa. Sai dai shi ma mai waƙar bayan an sha kaye ya yi magana.

Ga inda muka tsaya. Kowane ɓangare zai ja katin manufa a ɓoye. Mai Ingila yana iya samun "tsare Maldon kawai", ko "hallaka rundunar ko ta halin ƙaƙa", ko wani abu tsakani. Mai Viking yana iya samun "azurfa kake so, ba jini ba", ko "karya hakimin nan, sauran su ji tsoro". Ba wanda ya san na wani. Da haka maganar da ake yi ta ƙetaren ruwa ta zama ciniki na gaske, da ƙarya da cika baki da karanta fuska. Wannan ya fi kama da abin da Byrhtnoth ya fuskanta fiye da kowane adadi da zan rubuta, don shi ma bai san abin da ke zuciyarsu ba.

8 ga Yuni

Barka da Sallah. Ƙanin uwargida ya zo mana, bayan an ci nama na shimfiɗa masa tebur. Bai taɓa yi ba, na ba shi Ingila, na gwada ƙa'idar doki a kansa.

A waƙar, kafin a fara Byrhtnoth ya sa kowa ya kori dokinsa, a yi yaƙi a ƙasa. Da ya faɗi, wani Godric ɗan Odda ya haye dokin maigidan ya zura kurmi, 'yan'uwansa biyu suka bi shi. Mutane da yawa da suka hango dokin da kayan adonsa suka ɗauka hakimi ne da kansa ya gudu. Nan katangar garkuwa ta tsage.

Ƙa'idojin da na saba gani duk abu ɗaya suke cewa: shugaba ya mutu, kowa ya jefa ɗan ludo a ga ko ya karaya. Maldon ba haka ba ne. Labari biyu ne suka bazu a fili lokaci guda. Na kusa sun ga ya mutu, suka fusata. Na nesa sun ga ya gudu, suka watse. Don haka a teburina, in hakimi ya faɗi, duk rundunar da ke cikin inci shida da shi ba ta gwajin karaya. Sai a ɗauki dokin nan marar mahayi a ja shi zuwa kurmi, duk rundunar da ya gifta ta gabanta ta jefa, kuma da wuya ta tsaya. Inda ka ajiye dokin tun farko ya zama shawara mai nauyi.

Shi kuwa ya ajiye shi a bayan 'yan gayya, a tsakiya. Runduna huɗu suka bi shi. Ya dafe kai ya ce, "Haba Yaya, ai wannan cuta ce, mutum ɗaya ya kwashe mini rabin yaƙi?" Na ce masa waƙar ta ce Byrhtnoth ya sha ba Godric ɗin nan kyautar dawakai. Ya ce, "Butulu ke nan. Yaya, a ina yake in cire shi tun yanzu?" Ba ya nan. Ban yi masa soja ba, da gangan. Yana cikin jeren, ba ka san wanne ba ne sai ya hau.

5 ga Yuli

Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage na waƙar a kan waɗanda suka ƙi gudu ne. Aelfwine, saurayi ɗan babban gida daga Mercia. Leofsunu, wanda ya ce mutanen garinsu Sturmer ba za su gan shi ya dawo ba ubangida ba. Dunnere, talaka, mai gajeriyar magana. Aescferth, wanda jingina ce aka riƙe daga Northumbria, ba ma yaƙinsa ba ne, ya yi ta harbi. Da tsoho Byrhtwold. Akwai ma wani Godric na biyu da ya tsaya, har mai waƙar ya ga dole ya bayyana cewa ba wancan ba ne. Na yi wa kowannensu soja a kan zagayayyen gindi, da sunansa a ƙasa.

Matsalar ita ce, a wasa, in an riga an ci ka ba abin da zai hana ka miƙa hannu a tashi. Me zai sa mai Ingila ya ci gaba da jefa ɗan ludo? Amsar ta zo daga wani rubutun zamanin, na wani malamin coci a Ramsey, wanda ya ce 'yan Viking sun sha kashi har da ƙyar suka samu masu tuƙa jiragensu. Saboda haka duk rundunar Viking da aka raunana bayan faɗuwar hakimi, makinta ninki biyu ne. Ana iya rasa fili, a rasa shugaba, a mutu kaf, a ci wasan. An yi hakan a kulob makon jiya, kuma shi ne bugun da ya fi tara 'yan kallo.

Wani matashi kuma ya yi abin da ba wanda ya zata. Da aka nemi fansa a zagayen farko, ya ce, "Na biya." Wasa ya ƙare kafin shayi ya huce. Aka yi ta dariya, wasu suka ce a soke wannan ƙofa. Ni ban yarda ba. Bayan yaƙin gaske abin da aka yi ke nan, bisa shawarar Babban Limamin Canterbury, Sigeric. Dattijon ya kawo hujjar cewa biyan ba ya ƙarewa: fam 16,000 a 994, 24,000 a 1002, 36,000 a 1007, 48,000 a 1012. Matashin ya ce wanda ke tsaye a gaɓa a 991 bai ga waɗannan alƙaluman ba, abin da ya gani shi ne mutanensa sun koma gona da rai. Ba a daidaita ba.

27 ga Yuli

An sa ranar babban bugu: 10 ga Agusta. Tsohuwar kalandar cocin Ely ta ce ran 10 aka yi yaƙin, ta Winchester da ta Ramsey suka ce ran 11. Mun bi Ely don Lahadi ce, zauren kulob a buɗe yake. Mutum shida za su buga, uku-uku, ni ne alƙali.

Sojoji sun kammala, an shafa musu abin kariya marar ƙyalli. Jirage biyu ne suka rage. Ɗaya na gama katakonsa, saura filafilai da igiyoyi. Na biyun rabinsa kawai zan gina, a jingina shi da bakin tebur, ba wanda zai lura. Ƙa'idojin sun koma shafi biyu bayan na zubar da duk abin da ya shafi yanayin iska.

Makin fansa har yanzu ba a tsayar ba. Dattijo na so a cire goma, matashi na so a cire uku. Na rubuta uku, shida da goma a takardu daban-daban, na rufe kowace a ambulan. Wanda ya zaɓi biya zai ja ɗaya, ba za a buɗe ba sai an tashi. Gobe zan sayo zaren ɗinki mai kauri saboda igiyoyin jirgi, da wani tef ɗin awo, don guda ɗaya ba zai ishi mutum shida ba.